Motar Ƙwanji ta Baba

Juma'ar farko bayan ƙaramar sallah, shekarar da na shiga aji biyar, Baba ya kira ni rumfar da ke bayan gidanmu a Ƙofa, ya lalubi tafin hannuna ya danƙa mini makullin motarsa. Yanar ido ta riga ta rufe masa gani, tuƙi ya ƙare masa. Hannuna duk dusa, don daga surfe ya taso ni. Na hau kujera, na miƙe ƙafa da ƙyar na taɓo totur, na murɗa. Wayyo, ƙarar nan! Kwanon rumfar ya ɗauki rawa, kajin Inna suka watse, awaki suka tsinke igiya. Baba kuwa ya dafa bonet da hannu biyu, ya sunkuyar da kai yana murmushi. Daga ranar, kowace Juma'a da hantsi aikina ke nan, in tayar masa da ita ya saurara na ɗan lokaci, in kashe.

Wani Bature da Baba ya yi wa direba lokacin aikin dam ɗin Tiga ne ya bar masa ita da zai koma ƙasarsu. Ja ce, mai ƙofa biyu, hancinta dogo, bayanta a dunƙule. Baba ya ce a can Amurka motar ƙwanji ake kiran irinta, kuma ba kowace tsohuwar mota ke cin wannan suna ba. Akwai wani Alhaji a Bebeji mai doguwar mota baƙa, da ya taɓa cewa ai tasa ma irinta ce. Baba ya yi dariya har da tari. "Alhaji, taka ɗakin kwana ce mai taya. Sai an ɗauko injin ƙatuwar mota mai filogi takwas an cusa shi a jikin da bai kai shi ba, ƙofa biyu, tayoyin baya su ne masu turi. Kuma ba don masu kuɗi aka yi ta ba, don lebura mai zafin kai aka yi ta." Ya koya mini ƙirga filogin da kunne, ina zaune a kan taya ina ɓarar gyaɗa, ƙawayena na can dandali suna gaɗa suna ce mini 'yar bakanike.

Sai aka shiga shekarar wahalar fetur. Motar nan kuwa sha take kamar raƙumi. Rumbunmu ya yi ƙasa tun kafin shuka, Inna ta fara auna tuwo da ido. Yaya Habu, babban wanmu, ya sha roƙon Baba a sauya mata ƙaramin inji ya riƙa ɗaukar kwandunan tumatir daga bakin dam zuwa kasuwa. Baba ya ce a bari sai ya mutu. Da kawunmu ya tafi da Baba asibiti a Kano neman maganin idon, suka yi mako biyu, Yaya ya kawo bakanike. A gabana aka ɗaure sarƙa a reshen darbejiya aka zaro injin, aka sa na tasi mai filogi huɗu. Wancan aka sayar wa 'yan gwangwan a kan sikeli. Yaya ya riƙe kunnena ya ce, "Ba ya gani, ba zai sani ba. Ke dai ki murɗa, ki ja bakinki." Na san zai sani, wallahi na sani, amma na yi shiru don ni ma na gaji da kwana da kunun kanwa.

Baba ya dawo ido bai buɗe ba. Ranar Juma'a ya ce, "Uwata, zo ki jiyar da ni," don sunan mahaifiyarsa gare ni. Na ja shi har rumfa, na ɗora hannunsa a bonet, na shiga na murɗa. Ta tashi da wata 'yar siririyar murya, ko kaza ɗaya ba ta motsa ba. Na ga hannun nasa ya zame a hankali. Sai ya ce, "Huɗu ne." Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya sa aka kira Yaya, ya karɓi makullin daga hannuna ya miƙa masa, ya ce Allah ya ba da kasuwa. Da la'asar ya sa na kwashe masa tabarma da buta daga rumfar zuwa zaure, bai sake taka wajen ba.

Motar ta ciyar da mu, ba zan yi mata ƙarya ba. Da kuɗin tumatir na gama sakandare, da shi aka aurar da ƙannena. Yau Yaya yana da bas uku a hanyar Tudun Wada, ya tsufa, kuma duk garejin da ya shiga a Kano sai ya tambayi injin filogi takwas, samarin bakanike suna kallonsa kamar mai taɓin hankali. Baba ya yi shekara biyu a zauren nan, ni ke kai masa abinci safe da yamma, yana sa mini albarka. Kullum sai in ɗauko maganar a raina, in ajiye kwano in fito ban faɗa ba. Ina jira in ƙara girma in iya neman gafararsa da kyau, shi kuwa bai jira ba.