Kwanon da Gwaggo Asabe ta aika wa Habu Katanga

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, maza a unguwarmu Koki ba su da hira sai ta siyasa. Mu yara ina ruwanmu. Da an idar da sallar magariba sai mu yi dafifi a gindin murhun kakarmu Iya Tabawa, tana tuƙa tuwo muna iza mata wuta, mu dame ta sai ta ba mu labarin Habu Katanga. Mun ji shi ya fi a ƙirga, amma ko yau aka taɓo shi sai na ji kamar in tashi in yi tsalle.

"Ga ta nan da ɗuminta," haka take farawa. Sai ta zunguri ƙanena Sani da ƙafa. "Matsa can, angona, kar ka ƙone ka bar ni da takaba."

Habu ɗan maƙwabciyarmu Hajiya Yalwa ne. Karatu ya kai shi Amurka, can suka ga ƙirarsa suka sa shi a wasan ƙwallonsu, har ya zama sana'arsa. Iya ba ta taɓa ganin wasan ba, amma ta fi talabijin iya nuna shi. "Ƙwallon kamar gwanda take, rungumarta ake yi a sheƙa da gudu. Ƙarti su rataye shi, wannan a wuya, wannan a ƙugu, shi ko yana tafe da su kamar akuya ta kwaso ƙarangiya." Sai ta miƙe da muciya a hammata ta ratsa tsakaninmu, mu kama zaninta muna ihu. Ya ci musu kofi, in ji ta, aka ba shi zobe kamar kan tafarnuwa.

Da ya zo ganin gida, sai ya zo da mota shaƙe da shinkafa da mai. Ya kafa rumfa a ƙofar gida, ga lasifika, ga mai ɗaukar hoto, yadda ya ga ana yi a can. Aka yi shela duk mai buƙata ya zo ya shiga layi.

Ko mutum ɗaya bai zo ba.

"A Koki?" Iya takan ce, ta riƙe haɓa. "Unguwar da in babu abin dafawa ake ɗora tukunyar ruwa don maƙwabta su ga hayaƙi?" Magana ta fara yawo, wai ɗan Yalwa ya zo ya ɗauki hoton talaucinmu ya kai wa Turawa. Hajiya Yalwa ta daina shiga suna da biki saboda kunya. Ga buhuna jibge, ga lokacin komawarsa ya matso, yana shirin barin uwarsa da baƙin jini a unguwar da aka haife ta.

Nan Iya take rage murya. Akwai Gwaggo Asabe, mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, kowa ya san halin da gidan yake ciki. Ita ma ba ta je rumfa ba. Sai ga kwanonta a rufe, ɗanwake ne a ciki, wai a yi wa baƙo sannu da zuwa. Habu ya cinye tas, aka wanke kwano, ya ce a mayar.

"Haba Habu," in ji uwarsa, "haka Amurka ta mantar da kai? Kwano ai ba ya komawa wofi."

Ya yi tsaye da kwanon a hannu. Can sai ya nufi buhu, ya cika shi har baki, ya rufe, ya ɗaure da ƙyalle. "A ce wa Gwaggo ɗanwake ya yi daɗi."

Washegari kwanuka suka yi ta shigowa. Dambu, alale, fura, kowane gida na yi wa baƙo maraba. Wata ma, Iya ba ta taɓa faɗin sunanta ba, baho ta aiko, ƙosai uku kacal na gangarawa a ciki. Habu ya yi dariya har da hawaye, ya cika bahon ya haɗa da galan na mai. Ya sa aka kwance rumfa, aka sallami mai hoto. Kuma babu kwanon da bai ci ba, har na wadda gishiri ya zarce mata.

"Ƙurunƙus, na rufe kwanona," Iya ta ce, ta hau kwashe tuwo.

Da ina ƙarama bahon nan kawai nake jira in yi dariya. Sai da na yi aure, na ga yadda fuskar mutum take yi in an miƙa masa abu a gaban jama'a, sannan na gane Gwaggo Asabe ce ta yi wa Habu kyauta, ta nuna masa ƙofar shiga. Bara mijin maƙwabciyata ya kwanta ciwo, na lura hayaƙinsu ya daina zuwa da ƙanshin miya. Na leƙa ta katanga na ce, "Maman Hauwa, don Allah sammin daddawa, tawa ta ƙare." Ta miƙo a ɗan kwano, na mayar mata da shi a rufe.

Daddawa kuwa ina da ita cike da gwangwani.