Tayar Baya ta Motar Kawu

Jiya ina buɗe wa shinkafa ruwa a gonarmu ta Bunkure, sai ruwan kanal ya kawo wani baƙin murfin roba ya ajiye a ƙafata. Ina ɗaga shi na gane shi. Irinsa Kawu ya rasu yana nema.

Kawu yayan mahaifiyata ne, makanikin injin ban-ruwa. Yana saurayi ya ga motocin tseren Turawa sun ratsa Kano, wata ja mai dogon hanci ta zauna masa a rai. Da ƙarfi ya ƙare, shekarun da wayar hannu ta fara shigo mana ƙauye, sai ya zauna a zaure yana ƙera ƙaramarta da gwangwanin tumatir. Kullum zauren warin dalma yake da baƙin mai. Da tsinken tsintsiya yake awo, ya datse shi da haƙori.

Taya uku ya samu, saura ɗaya ta baya. Wata la'asar na kai masa murfin kwalbar lemo. Ya gwada da tsinke, ya miƙo min abina.

"Ɗan nan, tayar baya ta fi ta gaba faɗi. In na sa wannan, na yi mata ƙarya."

"Haba Kawu, wa zai gane?"

"Ni zan gane."

Kafin damina ya rasu, motar tana jingine da dutse.

Jiya da na taso daga gona, na shiga zauren da baƙin murfin, na zura shi a ƙarfen tayar. Ya zauna daram, sai dai babu mai cewa ya yi.

Allah Ya cika mizanin Kawu, mutumin da ko gwangwani bai tauye wa awo ba.