Ranar da Ba a Sako Shanu Ba

A garinmu, can bayan Dalijan a ƙasar Gwandu, akwai maganar da kowane yaro ke haddacewa tun kafin ya iya ɗaura zariyar wando: ba a taɓa cin kulob ɗinmu na ƙwallo a gida ba. Tun da iyayenmu suka sare sabara suka kafa turakun raga, babu baƙon da ya zo ya ci mu ya koma. Gaskiya ne kuwa, dalilin ne dai ba a cika faɗa ba. Filin namu a bakin burtali yake, hanyar da shanu ke bi. Duk ranar da baƙi suka sha gabanmu, lokaci kuma ya fara ƙurewa, sai wani ya cire hula ya kaɗa wa kawunmu, yayan Inna, da ke kiwo a nan gefe. Shi kuma ya koro garkensa cikin fili. Alƙalin wasa ya hura usur yana gudu, baƙi su kwashi kayansu suna zagi, a tashi babu sakamako. Wasan da ba a gama ba ai ba a ci ka ba. Mukan yi dariya har cikinmu ya ƙulle.

Ƙanena ya tashi a filin nan, amma koyon walda ya kai shi Kalgo, can ya shiga kulob ɗinsu yana buga gaba. Ba don ƙanena ne ba, wallahi yaron ya iya. Wani mai kai 'yan wasa ƙasashen waje ya gan shi a Birnin Kebbi, ya ce akwai kulob a Tajikistan da ke neman ɗan gaba, amma suna son bidiyon wasa guda cikakke, daga usur ɗin farko zuwa na ƙarshe, ba yanke ba haɗi, kuma sun kusa rufe ɗaukar 'yan wasa. Wasa ɗaya ya rage wa Kalgo a kakar. Da wa? Da mu, a filinmu.

Ya zo gida ana saura kwana biyu, ya ishe mu da tarihin kulob ɗin nan na Tajikistan. Ya haddace shi kaf daga waya: yadda aka kafa shi, yadda ya sauya suna, shekarar da ya faɗa ƙaramin rukuni, yadda ya sake hawowa.

Inna ta ce, "Ina ne kuma wagga ƙasa? Sun ko san salla?"

Ya ce, "Musulmi ne, Inna." Sannan ya juyo gare ni yana murmushi. "Yaya, ka san mi? Su ko an ci su rubutawa suke, kowa ya gani."

Na ce ya rufe min baki kafin in make shi.

Da yamma na raka shi rugar Kawu. Ya durƙusa ya ce don Allah ranar wasa a kai shanu fadama, a bari a gama, ko wa ya ci. Kawu ya dube shi. Ya ce, "Ɗan nan, shanuna ba su taɓa taka kowa ba a hilin nan. In babu su, mi kake zato mutane za su yi?" Ƙanena ya ce ai mutanenmu ne, sun san shi, sun san uban da ya haife shi. Kawu ya ce to, ya ji. Ranar wasa tun da asuba ya kora garkensa fadama, bai gaya wa kowa ba.

Ni aka ba aikin ɗaukar bidiyon. Na hau saman motar 'yan Kalgo da wayar ƙanena a hannuna, ina jin mutanen unguwarmu suna yi min ba'a, wai na koma ɗan jarida. Kafin hutun rabin lokaci ƙanena ya zura mana ɗaya da ka. Filin ya yi tsit, sai wani ya ɗaga murya, "Ɗan gida ne, kuskure ne, a bar shi!" Aka yi dariya. Da aka dawo ya yanke masu tsaron bayanmu biyu, ya zaunar da gola, ya tura ta biyu a hankali da gefen ƙafa. Bai yi murna ba, ya sunkuyar da kai ya koma tsakiya. Ni kuwa a saman mota ƙirjina kamar ya fashe don daɗi, na cije baki don kada muryata ta shiga bidiyon.

Sai na ga hula ta tashi sama. Mai kaɗa ta ya kaɗa, ya sake kaɗawa, jama'a duk suka juya wajen burtali suna jira, wasu har sun fara darewa don su ba shanu hanya. Babu ko ɗan maraƙi. Mutumin ya hau kan babur ya tsaya ya leƙa, ya sauko. Na ji maganar tana yawo baki zuwa baki: an sayar da mu, yaron ne ya haɗa baki da kawunsa.

Dutsen farko alƙalin wasa ya samu a goshi. Ya dafe wurin, jini na bi ta tsakanin yatsunsa, usur ɗin na rataye a wuyansa. Daga nan kuma innalillahi! Mutane suka afka shingen gonar da ke bayan raga suna tumɓuke itace. Gora, faskare, bulo, har da benci wani ya ɗauko. 'Yan Kalgo suka ruga wajen mota, direbansu ya fito da ƙarfen kwance taya yana jujjuyawa, ya sami wani tela ɗan unguwarmu a muƙamuƙi, na ga haƙori ya yi tsalle. Gilashin motar ya tarwatse a ƙarƙashina.

Ƙanena bai gudu ba, sakaran banza! Ya tsaya a tsakiyar fili ya ɗaga hannu biyu yana cewa, "Ku bari a gama! Don Allah saura kaɗan!" Suka kewaye shi. Duk na san su. Akwai wanda suka yi makarantar allo tare, akwai maƙwabcinmu da ya ci naman sunansa. Aka shure shi ya faɗi, aka danne masa kafaɗu, sai maƙwabcin namu ya ɗaga gora da hannu biyu ya sauke a kan gwiwarsa ta dama. Daga inda nake na ji ƙarar, kamar an karya busasshen kara. Ya sake ɗagawa ya sauke a wuri guda.

Ban san yadda na diro ba. Na cusa wayar a aljihu na kutsa na faɗa a kansa, duka ya koma bayana da ƙeyata. Ina zaginsu da sunayen iyayensu ɗaya bayan ɗaya, bakina cike da jini da ƙasa. Ba wanda ya raba mu. Kiran magariba ne ya watsa su, kowa ya yar da sandarsa ya tafi alwala. Har yau ban yafe ba, kuma ba na gaisa da mutumin nan ko a makabarta muka haɗu.

A amalanke muka kai shi gidan mai ɗori. Tsohon ya taɓa gwiwar, ƙanena ya yi ƙara ya suma. Da ya farfaɗo, ƙafar na ɗaure da kara da tsumma, abin da ya fara cewa shi ne in aika bidiyon. Na ce ai bai cika ba. Ya ce in aika haka nan. Na yanke daga inda aka jefi alƙalin wasa na tura wa mai kai 'yan wasan nan, don kawai ƙanena ya samu ya yi barci.

Bayan 'yan kwanaki ina ba shi kunu a gidan mai ɗorin sai wayar ta yi ƙara. Mutumin ne. Ya ce mutanen Tajikistan sun kalla, sun ce abin da suka gani ya ishe su, ba sai an cika ba, yaushe yaron zai iya tasowa?

Ƙanena ya yunƙura ya tashi zaune, idonsa na ƙyalli. "Yaya, ce mishi bayan girbi. Baba mai ɗori, ai kahin girbi ta warke ko?"

Mai ɗori yana bayansa yana naɗe tsumma. Ni ya kalla, ya girgiza kai a hankali. Na mai da wayar kunne na ce, "Bayan girbi, in sha Allahu."