Ɓeran Baba

Ni ce 'yar fari, don haka Baba bai taɓa kiran sunana ba. "Ke" yake cewa, ko "waccan". Mutumin da sunana ma ya fi ƙarfin bakinsa, ina zan fara yi masa bayanin aikina?

A ƙasar waje nake bincike kan wasu ɓeraye da aka sauya wa ƙwayar halitta. Akwai wani ƙullutun nama a ƙasan mafitsarar namiji, wanda kan kumbura da tsufa ya tare fitsari. A jikin ɓerayenmu wurin yana haske kore shar a madubin bincike, sai mu ga yadda yake tsirowa.

Da na zo hutu gida, unguwarmu Kinkinau, ƙannena suka sa ni gaba, wai har jirgi aka hau don kiwon ɓera. Baba bai yi dariya ba. Ya karɓi wayata ya daɗe yana kallon hoton ɓeran da ke ciki. Ni kuwa na riga na lura da butarsa. Yakan yi alwala, ya kai bakin zaure, ya dawo ya kama ruwa ya sake. Sanyi ne, in ji shi.

Washegari da la'asar ina tsintar shinkafa, ya zauna nesa da ni, idonsa a kan bango.

"Ke. Shi wannan ɓeran naki, in ya tsufa, yakan ga jini?"

Na ce, "In ya gani, Baba, ranar ake kai shi wurin likita."

"To in yana tsoron wuƙa fa?"

"Ba kullum ake yanka ba."

Haka muka yi ta yi har ta waya bayan na koma, ɓeran ya samu barci, ɓeran ya ƙi tuwo. Raina ya sha ɓaci, na yi faɗa, na yi magiya, duk da sunan ɓera. Ya je asibiti daga baya, amma abin ya riga ya kai ƙashi.

Har yau in na leƙa madubin, koren ya taso, sai in ji ƙarar buta a kan siminti. Tsoro nake ji, kuma ba na son ta daina.

A wayarmu ta ƙarshe cewa ya yi, "Ɓeranki ya gaji." Sai ya kira sunana.