Ɗaki Mai Numfashi a Rigasa

Ranar Alhamis ce, cikin watan Maris na 1988, zafi ya fara kankama a Kaduna. Malam Tukur ya dawo daga sallar asuba ya tarar da 'yarsa Husaina a bayan gidansu na Unguwar Kanawa, tana ba 'yan itatuwanta ruwa. Dashen darbejiya ne da mangwaro a gwangwanayen madara, ta jera su a gindin katanga.

"Injiniya," in ji shi, "ruwan alwalarmu kike rabar wa itatuwan gwamnati?"

"Na wanke-wanke ne, Baba. Kuma ni ba injiniya ba ce, mai zanen gini ce."

"Mai digiri a kan laka."

Ta yi dariya, ta ci gaba da ban ruwa.

Ƙarfe bakwai ta sha koko a tsaye, mahaifiyarta Maimuna tana faɗa, wai wadda za a ɗaura wa aure bayan ƙaramar Sallah ya kamata ta koyi zama. Da hantsi motar ma'aikata ta zo, ta ɗauki malafarta ta fita.

Husaina 'yar tagwaye ce. 'Yar'uwarta Hassana ta rasu suna ƙanana, a wata bazara da aka yi sanƙarau, cikin wani ɗakin jinya mai gajeren rufin kwano da taga ɗaya. Malam Tukur bai taɓa ba ta labarin ɗakin nan ba, a bakin mahaifiyarta ta ji. Ta karanta zanen gine-gine a Zariya, ta kama aiki a ma'aikatar ayyuka. Da aka ba ta aikin wani ƙaramin asibiti a Rigasa, sai ta ajiye zanen da aka saba da shi ta yi nata: bango mai kauri na bulon jar ƙasa da aka matse da inji, rufi mai tsawo, ƙananan kafofi a ƙasa ta gefen inuwa, manya a can sama, tankin da zai tara ruwan rufi, da layin itatuwa ta yamma. Gini take so mai sanyi, ko da wuta ko babu.

To amma ginin ba na ofishi ɗaya ba ne. Bango na ma'aikatar ayyuka ne, tsarin ɗakuna na ma'aikatar lafiya, tanki na hukumar ruwa, itatuwa na sashen gandun daji. Bisa al'ada, kowane ofishi yakan aika wa ɗan'uwansa fayil, ya zauna jiran amsa. Husaina ba ta bi ta nan ba. Ta nemi izini ta gina ɗaki ɗaya na gwaji, ta kuma sa taro kowace Alhamis a filin aikin, bayan azahar, lokacin da rana ta fi ƙuna. Takan ce wanda zai yanke shawara a kan ɗakin marar lafiya, ya zo ya sha ranar da marar lafiya zai sha.

Abin da ya faru a taron ranar, daga bakin Bello na hukumar ruwa Malam Tukur ya ji shi daga baya. Ba a riga an yi wa ɗakin rufi ba, sai suka raɓe a 'yar inuwar bango. Malam Sanda na gandun daji ya share gumi ya ce, "Ranki ya daɗe, sai kin gasa mu tukuna za ki ba mu ruwa?"

Sista Safiya ta ma'aikatar lafiya ta ce, "Kai ɗan daji, rana ce za ta kashe ka?"

"Sista, a dajin ma inuwa nake nema."

Suka yi gardama a kan tanki. Bello yana son shi a bakin hanya, Sista Safiya tana son shi kusa da ɗakin haihuwa. Husaina ta sa suka taka filin tare, suka ga inda ƙasa ta gangara, Bello ya sallama. Kafin su watse ta yago siririn farin ƙyalle, ta sa magini ya rataye shi a bakin kafar sama.

"Ran da aka yi rufi," ta ce, "in ƙyallen nan bai tashi ba, ku rushe ɗakin."

Da la'asar ta dawo gida, ƙafafunta jawur da ƙasa. Bayan magariba ta baje zanenta a teburin falo, ta tambayi mahaifinta yaushe iska take juyawa ta fara zuwa daga kudu maso yamma, don shi malamin labarin ƙasa ne kafin ya yi ritaya. Ya gaya mata. Ta ce, "Baba, yaushe za ka zo ka gani?"

"Sai an yi rufi. Ba na ziyarar kango."

Washegari Juma'a ta tafi hanyar Zariya duba injin matse bulo. Tayar motar ta fashe, suka yi hatsari. Kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa. Aka yi mata sutura bayan la'asar.

Ana saura 'yan kwanaki a kama azumi, Bello ya zo gidan. Bayan ya sake yin ta'aziyya, ya ce daraktan su Husaina a ma'aikatar ayyuka, Alhaji Shehu, yana tunanin a koma wa tsohon zane na bulon siminti. Ba don ƙeta ba: babu wanda ya taɓa yin irin ginin nan a ma'aikatar, mai shi kuma ta tafi, in bango ya ba da matsala marasa lafiya ne a ciki. Alhamis za a yanke shawara. Shi da Sista Safiya da Malam Sanda sun roƙa a yi taron inda ta saba yin sa, tunda an gama rufin. Ana kuma bukatar zanen da ta bari a gida.

Malam Tukur ya ce, "Ni zan kai."

Ya isa Rigasa bayan azahar. Rana ta take, ko ganye ba ya motsi, zafin ƙasa yana ratsa takalminsa. A tsakiyar fili ga ɗakin nan ja, shi kaɗai, rufinsa ya zarto bango ya yi masa inuwa. Ya cire takalmi ya shiga da sallama.

Aka ba shi tabarma. Alhaji Shehu yana zaune yana fifita da fayil. An fara gaisuwa ke nan Malam Tukur ya ji wani abu yana shafar idon sawunsa. Ya duba, bai ga komai ba. Iska ce. Tana shigowa ta ƙananan kafofin nan a hankali, da sanyinta, kamar wadda ta biyo ta bakin randa, tana bin ƙafafunsu tana hawa. Gumin bayansa ya fara bushewa.

Shekara da shekaru ya yi yana koya wa ɗalibai cewa iska mai zafi sama take yi, mai sanyi ta maye gurbinta. Ya sha zana kibiyoyin a allo da alli. Bai taɓa zama a cikinsu ba sai ranar. Ya ɗaga kai. Can sama, a bakin kafar, farin ƙyallen ya ɗaga, yana kaɗawa, bakinsa yana nuna waje.

Ɗaya bayan ɗaya suka bi idonsa da kallo. Hannun Alhaji Shehu ya tsaya, ya ajiye fayil ɗin a kan tabarma.

"Subhanallahi," in ji Malam Sanda, murya ƙasa-ƙasa. "Ɗakin nan numfashi yake yi."

Alhaji Shehu ya gyara zama. "Ɗaki ya yi sanyi, ban musa ba. Amma wa zai tsaya a kan aikin?"

Bello ya ce tanki da magudanar ruwa a wuyansa, ba zai bar ɗigon ruwa ya kwanta a gindin bango ba. Sista Safiya ta ce ta san kowace kafa da dalilinta, don tare da Husaina suka auna. Malam Sanda ya ce itatuwa nasa ne.

"Bango fa?"

"Ai naka ne, ranka ya daɗe," in ji Sista Safiya. "Ko ma'aikatar ayyuka ta bar mana shi ne mu yi masa allura?"

Alhaji Shehu ya yi 'yar dariya, sannan ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ya ce kowace Alhamis shi da kansa zai zo, bayan azahar, kamar yadda ta tsara. Ya juyo ya miƙo hannu biyu, Malam Tukur ya ɗora masa zanen. Bayan damina biyu aka buɗe asibitin.

Kayanta ba su da yawa. Lefen da aka kawo an mayar wa gidan angon, suka karɓa da kuka. Tufafinta Maimuna ta raba wa 'yan'uwa da maƙwabta. Allon zanenta da kayan awo an ba wata yarinyar unguwa da ta samu shiga jami'a karatun zanen gini. Malafar tana nan a ƙusar da ta saba rataye ta. Ƙyallen kuwa, Sista Safiya ta hana a taɓa shi.

Da ruwan farko na shekarar da ta rasu ya sauka, Malam Sanda ya zo da a-kori-kura ya kwashe gwangwanayen, aka dasa itatuwan ta yammacin ginin. Mangwaro guda Maimuna ta riƙe, ta ce wannan na gida ne. Malam Tukur ya haƙa masa rami a bayan gida, shi ke ba shi ruwa in ya dawo daga sallar asuba.