Daddawar Kiyako a Jirgin Ƙasan Turai

A shekarun da kuɗin mai ya fara shigowa, gwamnati ta riƙa kwasar malaman makaranta tana tura su ƙasashen waje ƙaro ilmi. Ina koyarwa a firamare a Birnin Kudu, lokacin muna cikin jihar Kano, sai sunana ya fito a cikin waɗanda za a yi musayarsu da wata kwalejin horon malamai ta Ingila. Su za su aiko nasu ɗaliban, mu kuma mu je can mu yi shekara guda. Mu biyu aka ɗauka daga yankinmu, ni da wani mutumin Gwaram da ke riƙe da makarantar Sara. Ya ba ni shekara goma sha biyar, don haka ko a Ingila ban taɓa kiransa da komai ba sai Hedimasta. Mutumin kirki ne, ba ya iya cin abinci shi kaɗai. Aibinsa ɗaya, babu abin da bai sani ba a duniya.

Ana gobe za mu tashi ya sauka a gidanmu don mu kama motar Kano tare. Muna zaune a zaure bayan la'asar sai ga wata tsohuwa daga Kiyako, ƙawar kakata, ta tako da ƙafa da ƙulli a ka. Ta ce ta ji zan tafi Turai, ɗanta kuwa yana can shekara biyu ke nan yana koyon gyaran motocin noma. Ta kwance bakin zanenta ta ciro wani ambulan da ya sha ninki. Na duba adireshin da ke bayansa na ga Italiya. Na yi mata bayani a hankali cewa inda za ni daban, inda ɗanta yake daban, har da teku a tsakani.

Ta ce, "Ba duk Turai ba ce? In kun haɗu a masallacin Jumma'a sai ka miƙa masa."

Ina neman yadda zan ƙi cikin ladabi, Hedimasta ya sa hannu biyu ya karɓi ƙullin. Ya ce, "Inna, ki ɗauka ya shiga hannunsa." Da ta tafi sai ya ce akwatinsa ya cika, a sa a nawa.

Daddawa ce cike da gwangwanin madara, da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da yaji. Wata uku suna cikin kabad ɗina a ɗakin kwanan ɗalibai, har rigunana suka ɗauki warin. Sau uku ina cewa mu kai gidan waya mu huta, Hedimasta yana cewa ba a jefa amana a akwatin wasiƙa, hannu da hannu aka ba mu.

Da hutun Kirsimeti ya matso aka sanar cewa za a rufe kicin, a kuma rage ɗumama ɗakuna. Ɗalibai baƙi irinmu suka yi ta sayen wani tikiti mai rahusa wanda mutum zai shiga duk jirgin ƙasan da ya ga dama a Turai har wata guda. Ni ma na saya, don tun ina aji huɗu nake ganin hoton birnin Faris a littafin labarin ƙasa. Hedimasta ya ce abin ya zo daidai, sai mu sauke nauyin Inna daga nan mu yi yawonmu. Ya sayo littafin lokutan jirage, mai kauri kamar bulo, ya sa a aljihun kwat ɗinsa. Ko taɓawa bai yarda in yi ba.

Shirinsa na tafiya abin kallo ne. Babbar riga a ciki, kwat a kai, hula, sannan ya naɗe hular da kunnuwansa da mayafin ulu. Ga buta, ga buzun salla, ga fulas, ga lema. Ni kuwa wautar ƙuruciya ta sa na fito da takalmin fata sau-ciki da na saya a Kano, wai don in yi kyau a hoto.

Muka ƙetare teku a jirgin ruwa. Hedimasta ya yi ta amai tun daga tashi har sauka, ya ce ba ruwan teku, ƙwan da aka ba mu da safe ne ba mai kyau ba. Mun isa Faris da hantsi. Na ce mu yi ko kwana biyu, ya ce mai ɗauke da amana ba ya yawon buɗe ido, a dawowa ma tsaya. Dole mu sauya tasha, sai muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa. Na nuna masa alamar layin da za mu bi, ya ce kudu za mu, kudu kuwa ga ta can, ya nuna da lema. Muka yi ta kai da kawowa a cikin rami har azahar. Abin da na gani na Faris ke nan, bango da matakala.

Washegari muna cikin jirgin da zai ratsa Suwizalan ya gangara Italiya. Taragon an yanka shi ɗaki-ɗaki, kowane da kujera shida, akwai kuma bututun ɗumi a ƙarƙashin kujerun. Hedimasta ya ce sanyi na kashe daddawa, ya sa na ciro ƙullin ya tura shi jikin bututun. Ba a yi rabin awa ba wari ya tashi. Akwai wata mata mai ɗan ƙaramin kare a cinya, karen ya dira ya tusa kai ƙarƙashin kujerarmu yana kuka yana tono. Matar ta ja shi ta fita tana magana da hanci a toshe. Wani dattijo ya ninke jaridarsa ya bi ta. Sauran biyun ma suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Ni na rasa inda zan sa fuskata. Hedimasta ya miƙe ƙafa a kujerar da aka bari, ya ce mutanen nan akwai ladabi, sun ga malamai sun ba su wuri.

A kan iyaka ma'aikacin kwastan ya shigo, hancinsa ya kai shi wurin gwangwanin. Ya buɗe, ya ja da baya, ya tambayi mene ne wannan. Amsar kalma biyu ce, kayan miya. Amma Hedimasta ya gyara zama ya faro daga itacen ɗorawa, yadda take fure, yadda ake fitar da kalwa, a dafa, a surfa, a rufe ta kwana uku. Mutumin ya saurara har ya gaji, ya sake sunsunawa, ya ce su ma suna da cuku mai irin wannan hali, ya rufe ya tafi.

Bayan wata babbar tasha jirgin ya cika maƙil da masu tafiya gida hutu, har da masu tsayuwa. Hedimasta ya tafi neman inda za mu yi salla, ya dawo ya ce ya sami tarago a can baya kusan babu kowa, mu kwashe kaya. Na ce masa na lura kowane tarago da allonsa a jiki, kuma sunan garin da ke kan namu ba shi ne a na bayan ba.

Ya ce, "Ƙanena, jirgi ɗaya ne, kai ɗaya ke jan sa. Ka taɓa jin an raba jirgin Nguru biyu?"

Muka koma baya, muka haɗa azahar da la'asar a sarari. A wata tasha muka ji an girgiza mu, aka daɗe a tsaye, sannan aka ci gaba. Sai bayan awa biyu mai duba tikiti ya zo. Na tambaye shi yaushe za mu shiga Italiya. Ya dube ni, ya dubi Hedimasta, ya ce taragon Italiya sun rabu da mu tun ɗazu, wannan Ostiriya za shi. Hedimasta ya zaro littafinsa ya shiga nuna wa mutumin da ke aiki a cikin jirgin cewa ya yi kuskure.

Aka sauke mu a wata 'yar tasha tsakanin duwatsu. Ƙanƙara ta kai ƙauri, na taka ta da takalmin Kano. Jajibirin Kirsimeti ne, kantuna a rufe, jirgin da zai mayar da mu kuma sai gobe da rana. A ɗakin jira muka kwana a kan benci. Da safe muka karya da guntun burodi da ragowar ruwan shayin fulas wanda ya riga ya huce. Yatsun ƙafata ba na jin su sam. Ina zaune ina murza su sai Hedimasta ya leƙa taga, ya ce ikon Allah, da ba a yi haka ba da yaushe za mu ga wannan ƙasa mai kyau.

A nan na fashe. Ban taɓa ɗaga wa babba murya ba sai ran nan. Na ce masa shi ya karɓi kayan da ba shi zai ɗauka ba, shi ya ɓatar da mu a rami, shi ya kori mutane da wari, shi ya kawo mu nan. Na ce, "Don girman Allah, Hedimasta, sau ɗaya dai ka ce ka yi kuskure. Ba zan gaya wa kowa a Gwaram ba."

Sai ya sunkuya ya kwance takalminsa. Ashe safa biyu-biyu ya sa. Ya tuɓe na saman, masu kauri, ya ajiye a cinyata. Sannan ya ciro littafin jiragen ya miƙo mini, ya ce in riƙe masa, tabaransa na yin hazo a wannan sanyi. Iyakar abin da na samu ke nan, na kuwa sa safar.

A rana ta biyar da barinmu Ingila muka isa garin, wani ƙaramin gari mai hazo a arewacin Italiya. Makarantar a rufe take. Wata tsohuwa mai gadin wurin ta karanta ambulan ɗin Inna, ta ja mu zuwa wani ɗaki a bayan garejin motocin noma. Hedimasta ya tsaya a ƙofa ya yi sallama da ƙarfi kamar yana ƙofar gidan dagaci. Aka buɗe. Wani dogon saurayi ne ramamme, ya tara gemu, hannunsa duk baƙin mai. Ya tsaya yana kallonmu, bakinsa na motsi, amsar sallamar ta ƙi fita. Daga baya ya gaya mana tun da abokin zamansa ya koma gida bara bai yi Hausa da kowa ba.

Da ya buɗe gwangwanin sai ya zauna a bakin gado ya riƙe shi kusa da fuska, ya daɗe a haka. Sannan ya tashi ya ɗora tukunya. Mutanen wannan yanki suna da garin masara da suke tuƙawa kusan irin namu, da shi ya yi tuwo, ya kaɗa miyar kuka. Muka zauna a ƙasa mu uku muka ci da hannu a kwano ɗaya, yana ta tambaya: an yi ruwa bana, wa ya rasu, wa ya yi aure, rijiyar bakin kasuwa tana nan? Na ci har na yi gumi. Gaskiya a wannan zaman na yafe wa Hedimasta komai.

Yafiyar ba ta kwana biyu ba. Da safe muna shirin tafiya, ina lissafin sauran kwanakin tikitinmu da garuruwan da zan gani yanzu da littafi ke hannuna, sai saurayin ya jawo wani akwati daga ƙarƙashin gado. Keken ɗinki ne a cikin gidansa, a kulle. Ya ce ya saya wa mahaifiyarsa tun bara ya rasa wanda zai kai, mu kuwa za mu riga shi komawa. Na buɗe baki ke nan, Hedimasta ya riga ni. Ya karɓa, ya yi alkawari, sannan ya dafa ƙugu ya ce kwanan benci ya tayar masa da ciwon baya.

Ƙarfe ne zalla. Na ɗaga shi na san yawo ya ƙare. Babu mai zaga birni da wannan kaya, kuma Hedimasta ya ce ba za a bar shi a ma'ajiyar tasha ba. Muka juya kai tsaye. Jirgi biyar na hau da shi na sauka da shi, na bi da shi ta ramin Faris karo na biyu, na hau jirgin ruwa da shi. Muka koma ɗakunanmu masu sanyi saura mako biyu a buɗe kicin. Wata shida keken na ƙarƙashin gadona ina buga ɗan yatsa a jikinsa.

Da muka dawo gida, damina ta sauka, na ɗaure shi a bayan kekena na tura zuwa Kiyako, don hanyar ta yi laka ba ta hawuwa. Inna ta sa aka shimfiɗa mini tabarma, ta yi ta tambayata ko ɗanta ya rame, ko yana salla, ko ya ci daddawar. Na ce ya ci, mun ci tare. Aka aika aka kira telan garin ya zo ya buɗe a gaban jama'a. Ya juya keken hagu, ya juya dama, yana neman hannun murzawa bai gani ba. Sai ya jawo wata doguwar waya daga gefe ya ɗaga ta sama. Ya ce wannan ai na lantarki ne.

A lokacin ko a Birnin Kudu ba kowane gida ke da wuta ba, balle Kiyako. Na zauna ina kallon wayar nan. Inna kuwa ko a jikinta. Ta sa aka kai shi ɗakinta aka ɗora a kan turmi, ta lulluɓe shi da sabon zane, duk matar da ta shigo sai ta ɗaga mata gefe ta gani. Ta ba ni ƙwan zabi goma a ƙwarya, ta yi ta sa mini albarka har bakin hanya. Ban kai gida ba ruwa ya kama ni.