Ƙarnin Kifi a Sahun Farko

Duk wanda ya san kasuwar kifi ta Haɗeja ya san Ya'u mai banda, dogon nan da hayaƙi ya mayar da idonsa ja. A wani ƙauye na ƙasar Auyo aka haife shi. Can ya girma yana kamun kifi da noman shinkafa, kuma shi ke jan salla idan liman ya yi tafiya. Ambaliyar 2022 ce ta rushe masa gida. Ya kwaso matarsa Hajo da 'ya'ya huɗu zuwa Haɗeja, ya kama haya a wata sabuwar unguwa ta ma'aikata, ya shiga bandar tarwaɗa ana kai ta kudu a kwali.

Hayaniyar 'yan acaɓa da baƙar maganar mai gidan haya, duk ya shanye, don yana ganin akwai wuri ɗaya da ba a tambayar mutum ɗan waye, wato masallaci. Na unguwar kuwa sabo ne fil, ga fanka, ga kafet mai laushi. Tun kafin kiran magariba yake zuwa ya kama sahun farko, yadda ya saba tun yana saurayi.

To, ka ji rashin ta ido! Liman zai ce a daidaita sahu, a haɗa kafaɗa, amma na daman Ya'u ya ja gefe, na hagu ma haka, a bar shi tsaye shi kaɗai. Wai ƙarni! Mutanen da tuwo ba ya wuce musu sai da busasshen kifi a miya! Ya'u ya dinga wanka sau biyu, yana dirje hannu da toka da lemun tsami har fata ta fara saɓulewa. Hajo ta ware masa rigar salla tana turara ta kullum. A banza, hayaƙin banda ya riga ya kama jiki.

Ran wata Laraba ladanin masallacin, Malam Nu'uman, ya tare shi a bakin famfo, ya miƙa masa kwalbar turare yana sunne kai.

"Malam Ya'u, 'yan kwamiti ne suka ce a ba ka. Wai kuma ko za ka riƙa tsayawa a baranda, ta fi iska."

"Iska?" in ji Ya'u. "Malam, na taɓa ɗaukar takalmin wani a nan? Ka gaya musu kifin da ke cikinsu ni na yi bandarsa. Su riƙe turarensu su shafa wa zuciyarsu!"

Ya dire kwalbar a kan dakali ya tafi. Ko ranar da ruwa ya ci gidansa ransa bai ɓaci haka ba, don ruwa bai ware shi shi kaɗai ba.

Washegari da la'asar bai bar kasuwa ba. A bayan rumfunan banda akwai wani masallacin kwano, tabarmi duk sun yage, ƙuda ko'ina. Da can raina shi yake yi. Ya shiga sahu, wani ɗan dako ya manna kafaɗarsa da tasa ba ko tunani, har Ya'u ya ji ƙwalla ta taho masa.

Ana shirin kabbara sai ga Hamman, mai busar da kwaɗi yana sayar wa 'yan kudu, ya shigo a guje ya tsaya a hagunsa. Warin ya bugi hancin Ya'u. Kafin ya ankara, wallahi ƙafarsa ta janye da kanta, taku guda cif.

Hamman ya lura. Ya tattare rigarsa ya matsa can gefe, irin matsawar wanda ya saba.

Kunya ta rufe Ya'u, ya ji haushin kansa fiye da na 'yan kwamiti. Liman ya riga ya ɗaga hannu. Ya'u ya damƙi hannun rigar Hamman, ya fizgo shi har kafaɗunsu suka yi karo.

"Matso nan, malam!" ya ce kamar mai faɗa. "Wa ya ce ka tafi?"